JAMES BOND A GAJEREN ZANGO: Tarihin littafin da 'yan fim suka yi wa ɗauki-ɗaiɗai

Mai karatu, in dai kana cikin ma'abota kallon finafinan James Bond, wato 007, to da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da ɗaya daga cikin sunayen nan uku ba: For Your Eyes Only na 1981, da A View to a Kill na 1985, da kuma Quantum of Solace na 2008. Abin da da yawa daga cikin 'yan kallo ba su sani ba shi ne, dukkan sunayen nan daga wani ɗan ƙaramin littafi guda aka tsamo su, littafin gajerun labarai biyar da Ian Fleming ya fitar a Landan ranar 11 ga Afrilu, 1960, ƙasa da wata shida kafin Nijeriya ta samu 'yancin kai. Sunan littafin For Your Eyes Only, wato irin gargaɗin nan da ake buga wa fayil ɗin sirri da hatimi, ma'ana kai kaɗai aka yarje wa ka gani.

A wannan fitowar za mu bi tarihin wannan littafi, mu ga yadda aka haife shi, da inda marubucin ya yi rawar gani, da inda ya yi tuntuɓe. Tun yanzu bari in faɗa maka inda na dosa: a ganina, Fleming ya fi nuna gwanintarsa a labarai biyun da Bond ya ajiye bindiga ya zama ɗan kallo, kuma su ne 'yan fim suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sai dai ka yi haƙuri, dole zan fasa ƙwan wasu daga cikin labaran, don ba a auna gajeren labari ba tare da an taɓa ƙarshensa ba.

SHI WANE NE FLEMING?

An haifi Ian Fleming a Landan a 1908. Ya taɓa aikin jarida da kamfanin dillancin labarai na Reuters, har ya je Mosko ɗauko rahoton wata shari'a a 1933. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke sai ya zama mataimaki na musamman ga shugaban sashen leƙen asiri na sojan ruwan Ingila. Ka ga ke nan abin da ya riƙa rubutawa daga baya, ya san ƙamshinsa tun daga ofis, ko da yake shi kansa ma'aikacin tebur ne, ba mai fita fagen daga ba.

Bayan yaƙi ya gina gida a bakin teku a tsibirin Jamaika, ya raɗa masa suna Goldeneye. Duk farkon shekara sai ya gudu daga sanyin Ingila ya tare a can kamar wata biyu, ya riƙa buga kimanin kalmomi 2,000 a kullum a kan tafireta, ya dawo da littafi guda a jaka. Da haka ya fitar da Casino Royale a 1953, ya bi shi da wasu shida a jere, shekara-shekara, har zuwa Goldfinger a 1959. Duka bakwai ɗin nan dogayen labarai ne. Na takwas ne ya zo da sabon salo.

SHIRIN TALBIJIN DA YA RUSHE

Ka tuna cewa a lokacin babu fim ɗin Bond ko ɗaya a silima. Dr. No, wanda Sean Connery ya fito a ciki, sai a 1962 ya zo. Abin da aka taɓa yi kawai shi ne wani wasan talbijin na awa guda da gidan CBS na Amurka ya shirya daga Casino Royale a 1954. Shi kuwa Fleming ya ƙwallafa rai ga ganin jaruminsa a majigi, don ya san a can kuɗin suke.

A 1958 gidan CBS ya sake tuntuɓarsa kan ya tsara masu labarai na wani shirin Bond mai dogon zango. Ya zauna ya zana ƙashin bayan labarai da dama, sai kuma maganar ta sha ruwa. Maimakon ya bar wahalarsa ta tafi a banza, da ya isa Goldeneye a farkon 1959 sai ya ɗauko takardun ya mai da wasunsu gajerun labarai, ya haɗa da wani labari da ya riga ya rubuta tun a 1958. Mafi yawan abin da ke cikin littafin daga wannan rusasshen shiri ya fito. Riƙe wannan batu da kyau, domin shi ne tushen ƙarfin littafin, shi ne kuma tushen rauninsa.

LABARAI UKU MASU ƘARAR BINDIGA

Labarin farko, From a View to a Kill, a Faransa ya faru. An harbe wani masinjan soja mai babur a kan hanyar daji kusa da Paris, an kwashe takardun sirri na rundunar ƙawancen NATO, wadda a wancan zamani hedikwatar sojanta ke Faransa kafin a mai da ita Beljiyam a 1967. Jami'an tsaro sun bincike dajin ba su ga komai ba. Bond ya hau bishiya ya laɓe, ya yi ta jira, har ya ga wani kurmin furen wardi ya motsa, bututun leƙe ya fito daga cikinsa, ƙasa ta buɗe. Ashe 'yan leƙen asirin Rasha ne suka haƙa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Wannan fage na jira a kan bishiya ya tsaru ƙwarai, za ka ji kamar kai ma ka ɗauke numfashi. Amma da asirin ya tonu, sauran labarin gudu ne da harbi, kuma makasan ko suna ba su da shi.

Na biyu, mai ɗauke da sunan littafin, ya fi nauyi. Ya buɗe da bayanin wani ɗan tsuntsu mai dogon bindi na Jamaika, cikin natsuwa, a gidan gonar wasu dattawan Turawa, Kanar Havelock da matarsa. Sai ga baƙi daga Kyuba sun zo sayen gonar da jakunkunan kuɗi. Dattijo ya ce ba ta sayarwa ba ce, nan take aka bindige shi da matarsa. Wanda ya aiko su wani tsohon ɗan Nazi ne, von Hammerstein, da ke yi wa gwamnatin Batista aiki, yana neman inda zai ɓoye dukiyarsa don ya hango Fidel Castro na tafe. Fleming ya rubuta wannan ne a daidai lokacin da abin ke faruwa, domin a ranar 1 ga Janairu, 1959 Batista ya tsere daga Kyuba.

Inda labarin ya yi armashi shi ne ofishin M, ubangidan Bond. Ashe M ne babban abokin ango a bikin su Havelock. Yana da ikon aika mutum ya yi kisa, amma ya kasa rabewa ko hukunci yake son zartarwa ko kuwa ramuwar gayya. A dogayen littattafan M dutse ne, ba ya motsi. A nan kuwa sai ga shi tsoho mai shakka, yana neman yaronsa ya ɗauke masa nauyin yanke shawara. Bond ya bi ta Kanada ya tsallaka jihar Vermont ta Amurka a ƙafa, a can ya ci karo da Judy, 'yar marigayan, riƙe da kwari da baka. Ita ce ta harbe von Hammerstein yana tsakiyar alkafura zuwa cikin tafki.

Na uku a wannan rukuni shi ne Risico. An tura Bond Italiya ya toshe hanyar da ake shigo da miyagun ƙwayoyi Ingila. Wani mai tsegunta wa Amurkawa labari, Kristatos, ya nuna masa wani ɗan fasa-ƙwauri mai suna Colombo, ya ce shi ne uban tafiyar. Da Colombo ya kama Bond ya kai shi jirgin ruwansa, sai zance ya juya: Kristatos ɗin ne ɓarawon, Rasha ce kuma ke ɗaure masa gindi. Colombo mutum ne mai raha da cin abinci da son rayuwa, irin abokan nan da Fleming ya iya zanawa. Sai dai duk wanda ya saba karatun irin waɗannan littattafai zai harbo jirgin tun da nisa.

BIYUN DA SUKA FITA DABAN

Yanzu mun zo inda na fi so mu daɗe. A Quantum of Solace, Bond bai harbi kowa ba, bai bi kowa ba, hasali ma a kujera yake zaune daga farko har kusan ƙarshe. Ya je liyafar cin abinci a gidan Gwamnan tsibiran Bahamas, tare da wani attajiri ɗan Kanada da matarsa, waɗanda hirarsu ta gundure shi. Bayan baƙi sun tafi, don dai a samu abin faɗa, sai ya ce shi in zai yi aure ma'aikaciyar jirgin sama zai aura. Daga nan Gwamna ya ɗauko labari. Salon labari a cikin labari ke nan, irin wanda mai karatun Hausa ya sani tun daga bakin aku a Magana Jari Ce.

Labarin na wani jami'in mulkin mallaka ne, Philip Masters, mutum mai kunya wanda bai taɓa samun mai nuna masa ƙauna ba. A Nijeriya ya fara aiki. A hanyarsa ta zuwa hutu ya haɗu da Rhoda, ma'aikaciyar jirgi, ta ɗan kyautata masa, shi ke nan ya mato. Suka yi aure, aka mai da shi tsibirin Bamuda. Ba a jima ba zaman gida ya ishe ta, ta shiga neman wani ɗan masu kuɗi a bainar jama'a, gari duka ya sani, ita ko a jikinta. Masters ya kusa zaucewa. Aka tura shi wani aiki Washinton na 'yan watanni, ya dawo wani mutum daban. Ya raba gidan biyu, ya daina yi mata magana sai a gaban mutane, ya ce shekara guda zai yi ya sake ta. Ranar da zai tafi ya bar ta ba ko sisi, ga bashin mota da na kayan gida a wuyanta.

A nan Gwamna ya kawo ma'anar sunan labarin. A ganinsa, aure na iya jure talauci da ciwo, har ma da cin amana, muddin akwai sauran ɗan ƙwayar tausayi tsakanin mutum biyu. Ranar da wannan ɗan ƙwaya ya ƙare, har ɗaya bai damu ko ɗayan ya mutu ko ya yi rai ba, to zama ya ƙare. Fleming bai ɗauki ɓangare ba. Da farko haushin Rhoda za ka ji, can gaba sai ka tsorata da muguntar wanda aka zalunta. Masters bai sake yin abin kirki ba, a ƙarshe Nijeriya ya koma. Rhoda kuwa, bayan ta sha wuya, wani attajiri ɗan Kanada ya aure ta. Wato ita ce matar nan da Bond ya raina a teburin abinci. Ya fita daga gidan yana ganin rayuwarsa ta harbe-harbe ba ta kai wannan ban tsoro ba.

Fleming ya rubuta shi ne da salon Somerset Maugham, gwanin gajerun labaran Turawan mulkin mallaka, kuma wata aminiyarsa ta Jamaika, Blanche Blackwell, ita ta ba shi asalin labarin. Mujallar mata ta Cosmopolitan ce ta fara buga shi a 1959. Shi kansa auren Fleming da matarsa Ann yana cikin tangal-tangal a shekarun, saboda haka ba da ka ya yi zancen ba. Duk mai karanta littattafanmu na soyayya da zaman aure zai ga cewa wannan labari ɗan gida ne.

Na ƙarshe, The Hildebrand Rarity, ya samo asali daga tafiyar da Fleming ya yi zuwa tsibiran Seshel na tekun Indiya a 1958, a matsayin wakilin jaridar Sunday Times. Bond da abokinsa Fidele sun shiga jirgin ruwan shaƙatawa na wani hamshaƙin Ba'amurke, Milton Krest, don neman wani kifi da ba a cika gani ba. Krest ba don ilimi yake yi ba, dabarar kauce wa haraji ce. Mutum ne mai wulaƙanta kowa, yana kuma da bulala ta wutsiyar wani kifin teku wadda yake zane matarsa Liz da ita. Da aka ga kifin, sai ya tuttula guba a ruwan, ya kashe duk wani mai rai da ke wurin don ya samu guda ɗaya. Yadda Fleming ya bayyana mutuwar ƙananan kifayen nan, Bond na kallo ta cikin gilashin ninkaya, ya fi duk wani kisan mutum da ke littafin taɓa zuciya.

A daren ne Bond ya tarar da gawar Krest, an cusa masa kifin nan mai ƙaya a baki. Waye ya yi? Matar da ake duka ce, ko Fidele da aka ci wa mutunci? Bond bai tambaya ba. Ya jefa gawar a teku, ya goge wurin, ya bar abin a matsayin haɗari. Har labarin ya ƙare ba a faɗa maka ba, kuma tambayar da za ta bi ka gida ita ce: mutumin da ya ji kukan mace da dare ya yi shiru, sannan ya rufa wa makashi asiri, me sunansa?

INDA GIZO KE SAƘA

To, ina raunin? Na farko, ƙashin talbijin bai ɓoyu ba. Labarai ukun nan masu bindiga duk tafiyarsu ɗaya: a ba Bond aiki, ya haɗu da kyakkyawar yarinya, a yi artabu, a rufe da shi da ita. Tsari ne na shirin rabin awa. A dogon littafi Fleming kan ba bos fili ya yi magana, mu san shi, mu ji tsoronsa, kamar yadda ya yi wa Goldfinger. A nan babu wannan fili. Von Hammerstein daga nesa kawai muka hango shi, ta bakin bindiga.

Na biyu, matan. Mary Ann ta labarin farko ita ta ceci ran Bond, Judy kuma ita ta yi kisan da ya kawo shi. Amma da ƙura ta lafa sai marubucin ya mai da kowacce 'yar lallashi a hannun namiji, kamar ya ji tsoron abin da ya halitta. Rhoda da Liz sun fi su zama mutane, don su ba a kawo su domin a ba jarumi tukwici ba.

Na uku, idon mulkin mallaka. An rubuta littafin ne daular Ingila na gab da rushewa, bayan kunyar da ta sha a rikicin Suwez na 1956, kuma kewar daular tana ko'ina a ciki. Jamaika ta Havelock ce, baƙaƙen ƙasar sai dai a gan su a matsayin barori. Nijeriya ta shigo labarin Masters har sau biyu, an ma yabe shi da cewa yana sassauta wa mutanen ƙasar, amma babu ɗan Nijeriya ko ɗaya mai suna ko mai magana. Mu dai shimfiɗa ce da aka baje don Bature ya yi baƙin cikinsa a kai. Ba mu kaɗai muka lura ba: a 2023 masu haƙƙin littattafan Bond sun sake buga su bayan sun cire wasu kalmomin wariyar launin fata.

Na huɗu, ɗabi'arsa ta dogon bayanin abinci da giya da sunayen kaya. A littafi mai shafi 250 wannan gishiri ne. A labari mai shafi 30 kuwa, in aka ɓata shafi biyu kan abin da ya kamata mutum ya sha a gidan shayin Paris, miya ta yi gishiri da yawa.

ABIN DA 'YAN FIM SUKA ƊAUKA

Fleming ya rasu a watan Agusta 1964 yana da shekara 56, finafinai biyu kacal ya gani an saki. An tattara ragowar gajerun labaransa a wani littafin a 1966. Shi kuwa wannan littafi namu sai da ya shekara 21 kafin 'yan fim su waiwaye shi. Bayan Moonraker na 1979 ya kai Bond har sararin samaniya, sai furodusoshi suka ga ya kamata a dawo da shi ƙasa. Darakta John Glen ya haɗa labarin su Havelock da na Risico ya yi For Your Eyes Only, da Roger Moore. An mai da Judy ta zama Melina, an kai labarin ƙasar Girka, amma Kristatos da abokin gabarsa suna nan, har da harbin mai alkafura a ruwa. Wannan ne kaɗai fim ɗin da ya yi wa littafin adalci.

Sauran kuwa ɗauki-ɗaiɗai ne. A View to a Kill bai ɗauki komai ba sai suna da birnin Paris. Licence to Kill na 1989, na Timothy Dalton, ya ɗauki sunan Milton Krest da jirginsa, ya miƙa bulalar ga wani bos ɗin daban, ya watsar da kifin da tambayar. Fim ɗin Daniel Craig na 2008 ya ɗauki sunan Quantum of Solace, ya laƙaba kalmar farko ga wata ƙungiyar miyagu, babu Gwamna, babu Rhoda, babu Masters. A Spectre na 2015 sunan Hildebrand ya koma allon wani shago da 'yan leƙen asiri ke fakewa a ciki.

Ba abin mamaki ba ne. Kyamara na son gudu da fashewa, labarin mutum biyu da suka daina gaisawa a gida ɗaya kuwa sai an yi haƙuri da shi. Amma kai da ke karatu kana da abin da ɗan kallo ba shi da shi. In littafin ya shigo hannunka, shawarata ka fara da na uku da na biyar a jerin, wato labarin Gwamna da na kifi, sannan ka koma ga masu bindiga. In kuma kana cikin masu ɗan taɓa rubutu, ka lura da yadda aka ƙulla auren Masters aka kwance shi cikin 'yan shafuka, abin da waninmu zai ja har littafi na ɗaya da na biyu da na uku. Ka kuma lura da yadda marubuci mai suna kamar Fleming ya kasa ɓoye gaggawarsa a labaran da ya ɗinka daga ragowar wani aiki.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.